2027: Hujjojin Tinubu uku na neman tazarce a kan sikelin talaka

Tun ranar 22 ga watan Mayun 2025, lokacin da gwamnoni da shugabannin jam'iyyar APC suka taru a Abuja suka ayyana Shugaba Bola Ahmed Tinubu a matsayin wanda za su tsayar a zaɓen 2027, aka san an buga gangar siyasa. Daga wannan rana zuwa yau, duk ministan da ya hau mumbari ko kakakin fadar shugaban ƙasa da ya zauna gaban 'yan jarida, magana ɗaya yake maimaitawa da kalmomi daban-daban: an karɓi ƙasa tana gab da durƙushewa, an yi mata tiyata mai zafi, ta fara farfaɗowa, don haka bai kamata a sauya likita ana tsakiyar jinya ba.

Wannan hujja tana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku: tattalin arziki, tsaro da ilimi. Ba hujja ce ta banza da za a yi watsi da ita da hannun hagu ba, domin akwai gaskiya a cikinta. Sai dai akwai tazara mai nisa tsakanin ma'aunin da gwamnati take awo da shi da wanda mai zaɓe yake riƙe da shi. Gwamnati tana ƙirga ajiyar kuɗin waje da kuɗin shiga da yawan dokokin da aka sa wa hannu. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ma'aikacin sakatariyar jiha kuwa suna awo ne da farashin kwanon masara, da ko za a iya bin hanyar ƙauye bayan la'asar, da ko yaro ya iya karanta sunansa bayan shekara shida a firamare. Makomar zaɓen 2027 ta dogara ne a kan ko waɗannan ma'aunai biyu za su haɗu kafin ranar jefa ƙuri'a.

Tattalin arziki: baitulmali ya cika, aljihu ya rame

A ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayun 2023, Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Cikin kwanaki kaɗan litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta koma wajen Naira 500, a watan Yuli ta haura 600, kuma zuwa Oktoban 2024 ta zarce Naira 1,000 a gidajen mai da dama. Makonni biyu bayan rantsuwar, Babban Bankin Najeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake bayarwa a hukumance a kan kimanin Naira 460 ta yi ta hawa har ta kusa Naira 1,900 a kasuwar bayan fage cikin Fabrairun 2024, kafin ta dawo ta zauna a kusa da Naira 1,500 a 2025.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da waɗannan matakai suka gyara. Tallafin mai ya kasance rijiya ce marar ƙasa, wadda ke haɗiye tiriliyoyin Naira a shekara, wani kaso mai yawa na man kuma yana tsallaka iyaka zuwa maƙwabta. Tsarin farashin dala biyu ya mayar da wasu 'yan tsiraru masu uwa a gindin murhu attajirai ba tare da sun sayar da ko allura ba: su karɓa da araha a banki, su sayar da tsada a kasuwa. Babban Bankin ya sanar a Maris ɗin 2024 cewa ya kammala biyan bashin canjin kuɗi na kusan dala biliyan 7 da ya gada, daga baya ajiyar ƙasar ta kuɗin waje ta haura dala biliyan 40, kuma tazarar da ke tsakanin farashin banki da na 'yan canji ta ragu ƙwarai. Ɗan kasuwar da ke shigo da kaya daga Chaina ko Dubai ya san darajar ya iya lissafin abin da dala za ta kasance a wata mai zuwa. Ya kuma kamata a tuna cewa Atiku Abubakar da Peter Obi, dukansu biyu, sun yi alƙawarin cire tallafin a yaƙin neman zaɓen 2023. Saɓanin yana kan yadda aka cire ne da abin da aka tanada kafin a cire.

A nan ne hujjar gwamnati take fara rauni. Hauhawar farashi da take kashi 22.4 cikin ɗari a watan Mayun 2023 ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, ta abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar wannan shekara. A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya tsarin lissafinta, alƙaluman suka sauko zuwa kashi 24.5, suka ci gaba da sauka har ƙasa da kashi 20 kafin ƙarshen shekarar. Amma raguwar hauhawar farashi ba ita ce saukar farashi ba. Ma'anarta kawai ita ce motar ta rage gudu, ba wai ta juya ta dawo inda ta taso ba.

Ma'aikaci zai iya yin wannan lissafi a bayan takardar albashinsa. Mafi ƙarancin albashi na Naira 30,000 yana sayen litar mai sama da 150 a farkon 2023. Sabon albashin Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, idan lita tana Naira 900, bai kai lita 80 ba. In aka auna da dala, tsohon albashin ya kai wajen dala 65 a farashin hukuma, sabon kuwa bai kai 50 ba a 2025. Adadin ya ninka har da ɗoriya, ƙarfin saye ya ragu. A kan haka aka ɗora ƙarin kuɗin wutar lantarki na Afrilun 2024, inda masu rukunin farko suka tashi daga kimanin Naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, abin da ya taɓa masu injin niƙa, masu ƙanƙara da ƙananan masana'antu kai tsaye. Zanga-zangar kwana goma da aka yi a farkon Agustan 2024, wadda ta fi zafi a Kano da Kaduna da wasu biranen Arewa, ba daga sama ta faɗo ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ko saukin farashin abinci da aka gani a 2025 yana da fuska biyu. Bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu hatsi na tsawon kwana 150, farashin masara da shinkafa ya sauka, mazauna birni suka ɗan numfasa. Amma manomin da ya sayi taki da tsada, da ɗan kasuwar da ya tara kaya a rumbu a Dawanau, sun ga jarinsu ya narke. Idan noma ya daina biyan kuɗin taki, manomi zai rage gona, kuma arahar bana za ta haifi tsadar baɗi.

To, ina kuɗin tallafin suka tafi? Wani kaso mai tsoka yana tafiya ne wajen biyan bashi, wanda nauyinsa a Naira ya ƙaru sakamakon faɗuwar darajarta. Wani kason kuma ya shiga asusun rabon arzikin ƙasa, inda abin da jihohi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai. Wannan ne ya sa gwamnoni da yawa suka daina kukan biyan albashi, wataƙila shi ne ma ya sa wasunsu, kamar na Delta da Akwa Ibom da Inugu da Bayelsa, suka sauya sheƙa zuwa jam'iyya mai mulki. Tinubu yakan ce a tambayi gwamnoni, kuma yana da gaskiya. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamnatin tarayya ce ta shigar da ƙararsa ta kuma yi nasara, amma aka shafe fiye da shekara guda ana jan ƙafa wajen aiwatar da shi. Shugaban da ya iya cire tallafi da jimla guda ba zai gamsar da kowa cewa gwamnoni sun fi ƙarfinsa ba.

Tsaro: an sare rassa, saiwa tana nan

A fannin tsaro ma gwamnati ba hannu rabbana ta zo ba. Sojoji sun kashe ƙasurgumin ɗan bindiga Halilu Sububu a Zamfara cikin Satumbar 2024. A Agustan 2025 mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya sanar da kama manyan jagororin ƙungiyar Ansaru guda biyu. Sulhun Birnin Gwari na ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanun garin bayan shekaru tana rufe, motoci suka dawo hanyar. Matafiya tsakanin Abuja da Kaduna ba sa fuskantar irin tashin hankalin 2021 da 2022. Duk wanda ya musanta waɗannan bai yi wa jami'an da suka ba da rayukansu adalci ba.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A daren 3 ga Disambar 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, mutum sama da 80 suka rasu. A jajiberin Kirsimetin wannan shekara aka kashe fiye da mutum ɗari a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. A Maris ɗin 2024 aka kwashe ɗaliban Kuriga. A Agustan 2024 'yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, bayan ya yi makonni a hannunsu yana roƙon a cece shi. Ƙarshen shekarar ya zo da sabon suna, Lakurawa, a iyakokin Sakkwato da Kebbi. A Afrilun 2025 Gwamna Babagana Zulum, ɗan jam'iyyar APC, ya fito fili ya ce Borno tana komawa baya a yaƙi da Boko Haram, yayin da mayaƙan ISWAP suka yi ta afka wa sansanonin soja. A Yuni aka yi kisan Yelwata a Binuwai. Cikin mako guda na Nuwamban 2025 aka sace 'yan mata 25 a makarantar Maga ta Jihar Kebbi, aka kuma kwashe ɗalibai da malamai ɗaruruwa a Papiri ta Jihar Neja. Shugaban da kansa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan tsaro, ministan tsaro Muhammad Badaru Abubakar ya yi murabus, Janar Christopher Musa ya gaje shi. A daren Kirsimeti kuma jiragen yaƙi ba na Najeriya ba, makamai masu linzami na Amurka ne suka sauka a ƙasar Sakkwato.

Abin da wannan jeri yake nunawa shi ne, kashe shugaban daba bai zama kwato ƙasa ba. A yankuna da dama na Zamfara, Katsina, Sakkwato da Neja, manomi yana biyan haraji ga 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Wasu ƙananan hukumomin Katsina sun zauna sulhu da mutanen da suka zo taron da bindigogi a rataye, suka kuma koma daji da su. Irin wannan sulhu yana iya kawo sararawa, amma shaida ce cewa hukuma ba ita kaɗai ke riƙe da iko a wurin ba. Maganar 'yan sandan jihohi da aka fara da gaske tun Fabrairun 2024 ta daɗe tana yawo tsakanin majalisar tattalin arziki da majalisar dokoki.

Kuskure ne ɗan birni ya ɗauka wannan matsalar mutanen karkara ce. Harajin da manomin Shinkafi ya biya a daji, shi ne yake bayyana a farashin kwano a kasuwar Sabon Gari. A Oktoban 2024, lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, wanda rashin tsaro ya hana a gyara da wuri, ya jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki masu yawa. Teloli, masu walda da masu sayar da ruwan sanyi su ne suka biya. Rufe iyaka da Jamhuriyar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya tsayar da cinikin Jibiya da Illela da Maigatari na tsawon watanni, ya kuma raunana haɗin gwiwar tsaro a kan iyakar da makamai ke ratsowa. Tsaro shi ne ƙashin bayan duk wani alƙaluman tattalin arziki da za a karanto.

Ilimi: an gyara jinka, bango na zaizayewa

Babban abin alfaharin gwamnati a fannin ilimi shi ne asusun bai wa ɗalibai rance, NELFUND, wanda aka sake sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a ko kwaleji, yana bai wa ɗalibi Naira 20,000 duk wata, babu kuɗin ruwa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Dubban ɗaruruwan ɗalibai sun amfana, ciki har da masu yawa a jami'o'in Arewa. Ga ma'aikacin da yake da 'ya'ya biyu ko uku a jami'a, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Haka kuma ba a sake ganin irin yajin aikin wata takwas da ƙungiyar ASUU ta yi a 2022 ba, ko da yake ta yi na gargaɗi a Oktoban 2025.

Duk da haka, akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, rancen ya zo ne a daidai lokacin da jami'o'in tarayya suka ninka kuɗin rajista, don haka wani ɓangarensa cike gurbin ramin da aka haƙa ne. Kuma rance sunansa rance. Nasararsa za ta bayyana ne ranar da waɗanda suka ci suka samu aikin da za su biya da shi.

Na biyu, kuma mafi girma: rancen yana amfanar wanda ya riga ya kai ƙofar jami'a ne. Ciwon Najeriya yana can ƙasa. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaran da ba sa zuwa makaranta ya kama daga miliyan 10.5 zuwa kusan miliyan 20, gwargwadon shekarun da aka ƙirga, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Daga cikin waɗanda suke zuwa ma, da yawa suna kammala firamare ba su iya karanta gajeren labari ba. Kason ilimi a kasafin kuɗin da aka gabatar na 2025 bai wuce kusan kashi 7 cikin ɗari ba, alhali shawarar UNESCO ita ce kashi 15 zuwa 20. An kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta da dokar da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen mulkinsa, amma duk mai ratsa mahaɗar titi a Kano ko Gusau ko Bauchi idonsa zai ba shi labari.

Gaskiya ne ilimin firamare nauyin jihohi da ƙananan hukumomi ne, kuma biliyoyin Naira suna kwance a hukumar UBEC saboda wasu gwamnoni sun ƙi kawo nasu kason don su karɓa. Amma a Abuja, inda babu gwamna sai ministan da shugaban ƙasa ya naɗa, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan rashin biyan sabon albashi. Bayan harin Papiri kuma gwamnatin tarayya ta rufe makarantun haɗin kan ƙasa sama da 40, jihohi irin su Neja, Katsina, Filato da Bauchi suka tura yara gida. A nan ne duwatsun murhun uku suka nuna cewa tukunya ɗaya suke ɗauke da ita. Uban da aka sace 'yar maƙwabcinsa a makarantar kwana ba zai jira wani asusu ba. Zai cire tasa 'yar. Yaron da bai je aji ba kuma, shi ne wanda daji yake jira.

Darasin 2015

Mai neman tazarce a Najeriya yana da madubi guda da ya kamata ya riƙa dubawa. A 2015 Goodluck Jonathan ya shiga zaɓe da hujjoji masu kama da waɗannan. A Afrilun 2014 an sake lissafin arzikin ƙasa, Najeriya ta zama ta ɗaya a Afirka da kimanin dala biliyan 510. Ya kafa sababbin jami'o'in tarayya 12, mafi yawansu a Arewa, ya gina makarantun almajirai sama da ɗari. Amma a cikin wannan wata na Afrilu aka sace 'yan matan Chibok 276, kuma wannan hoton ne ya zauna a zukatan mutane. Ya zama shugaba na farko mai ci da ya sha kaye a tarihin ƙasar.

Bambancin shi ne Jonathan ya je zaɓe gwamnoni suna guduwa daga jam'iyyarsa, Tinubu kuwa suna tururuwa zuwa tasa, 'yan adawa kuma har yanzu suna neman yadda za su haɗa kai duk da ƙawancen da suka ƙulla a jam'iyyar ADC a Yulin 2025. Amma gwamna ba shi ne ƙuri'a ba. Tinubu ya ci zaɓen 2023 da ƙuri'a miliyan 8.8, kimanin kashi 37 cikin ɗari, a zaɓen da bai fi kashi 27 na masu rajista suka fita ba. Fiye da rabin ƙuri'unsa daga Arewa suka fito, kuma Arewa maso Yamma ta ba shi fiye da yankinsa na Kudu maso Yamma. Wato yankin da ya ɗora shi a kujera shi ne wanda tsada da 'yan bindiga da rufe makarantu suka fi jigata.

Saboda haka, mai zaɓe yana da 'yancin ya ƙi karɓar jawabi a madadin amsa. Idan an ce an tara kuɗi, a nuna masa nawa jiharsa da ƙaramar hukumarsa suka karɓa, da abin da aka yi da su. Idan an ce tsaro ya inganta, a lissafa masa ƙauyukan da mutanensu suka koma, da gonakin da aka nome ba tare da an biya kowa ba. Idan an ce ilimi ya gyaru, a faɗi yara nawa aka kwaso daga titi da malamai nawa aka ɗauka. Idan an ce sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun yafe wa mai samun Naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara, to ɗan kasuwa ya ga an daina tsayar da motar kayansa a shinge goma tsakanin Kano da Legas.

Waɗannan tambayoyi ba na Tinubu kaɗai ba ne. Duk ɗan adawar da ya zo da kukan tsadar rayuwa, a tambaye shi: zai dawo da tallafin mai ne, kuma da wane kuɗi? Zai yi sulhu da 'yan bindiga ne ko zai yaƙe su, kuma me ya yi lokacin da yake riƙe da muƙami? Wanda ya sha wahalar shekarun nan bai kamata ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago ba.

Gwamnati tana cewa an wuce mafi munin lokaci, a ƙara haƙuri. Wataƙila haka ne. Amma haƙuri bashi ne da talaka ya ba ta tun ranar 29 ga Mayun 2023, kuma ranar zaɓe ita ce ranar biya. Sauran watannin da suka rage su ne damar da take da ita ta sa abin da ke cikin takardun Babban Banki ya bayyana a kwanon awo, a hanyar gona da kuma cikin aji. Idan ya bayyana, ba za ta buƙaci dogon jawabi ba, domin gani ya kori ji.